Aron Gonar Tudu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kura ta nufi Bunkure a ƙarshen shekarun 1980, in ya wuce babban kanal zai hangi wani tudu da ya yi duhu da itatuwa, rufin kwano yana ƙyalli ta tsakaninsu. Tsangayar noma ce ta jami'ar jiha. Mutanen Tudun Kanya, ƙauyen da ke gindin tudun, suna alfahari da ita kamar su suka haife ta, har wanda ko bihim bai sani ba a boko sai ka ji yana cewa "jami'armu". Mutum ɗaya ne a garin ba ya son a tayar da zancen asalinta a gabansa, shi ne Dalhatu. Ga shi kuwa in maganar asali ake, ya fi kowa abin faɗa, domin a gonar ubansa aka fara kafa ta.

Gonar gado ce, tasu shi da ƙanwarsa Zuliha, don su biyu kaɗai mahaifinsu ya bari. Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya iso yankin, katafila ta bi gonakin kwari ta baje su, ta tumɓuke ɗorawa da tsamiya, aka yanka filaye aka sake raba wa masu su. Ruwan kanal ba ya hawa tudu, shi ya sa gonar gadon ta tsira yadda take. Dalhatu yana da wata 'yar gona a kwari da ya saya da guminsa tun yana saurayi, ita ce ta zama gonar raninsa. Ya shiga tumatir da albasa kamar kowa, ya ga abin da kwando yake kawowa, sai ya fara yi wa ta tudu kallon tsohuwar riga. Gero da dawa da wake take bayarwa, sau ɗaya a shekara. Ba a taɓa raba ta ba, don Zuliha tana gidan mijinta a Garun Malam, kuma a tunanin Dalhatu mace mai miji me za ta yi da gona?

A shekarar 1981, zamanin farar hula, gwamnatin jiha ta ce za ta kafa jami'a tata ta kanta, kuma da sashen noma za ta fara. Aka turo wani malami, Dakta Ibrahimu, ya nemi inda za a soma. Ɗan ƙauye ne da boko ya kai shi har Ingila, amma bai raba shi da tsugunawa ya gai da manya ba. Ya zo zauren Dagaci Tambaya ya cire takalmi, ya ce fili yake nema na ɗan lokaci, inda za a kafa aji a yi gwajin iri, kafin gwamnati ta gina mazauni na dindindin a wani wurin.

Mutanen da suka ga aikin katafila da idonsu ba sa gaggawar miƙa wa hukuma ko da bakin kunya ɗaya. Shi kuwa Dalhatu mutumin kirki ne, ba wanda zai musa, amma yana da ciwo ɗaya, yana son a ce shi ya yi. Da ya ga kowa ya sunkuyar da kai sai ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ga tawa ta tudu. Aro na ba su, su yi aikinsu har Allah ya hore musu nasu."

Dagaci ya ce, "Jama'a kun ji, aro ne." Aka shafa fatiha. Dalhatu ya koma gida yana tafiya kamar shi ya kawo ruwan Tiga. Bai aika wa Zuliha ko da saƙon baki ba.

Aron gona tsohon abu ne a ƙasar nan, kuma yana da ƙa'ida biyu da kowa ya tashi ya tarar. Duk kaka mai aro zai kai wa mai gona dami ɗaya, ba don damin zai ƙosar da wani ba, sai don kada a manta gonar ta wane ce. Sannan mai aro yana shuka abin da za a girbe a shekara, amma ba ya dasa itace. Itace saiwa yake yi ya zauna. Wanda ya bar mai aro ya dasa itace yana kallo bai ce uffan ba, to ya sallama gonar ke nan.

Dakta Ibrahimu ya san wannan sarai. Kakar farko shi da kansa ya ɗora damin dawa a bayan mota ya kai ƙofar gidan Dalhatu, yara suna bin motar da gudu. Ya kuma ɗauki Dalhatu aikin kula da lambu. A lokacin jami'ar ba ta wuce aji biyu na bulo a gefen gona da rumfar tarakta ba, sai ɗalibai 'yan kaɗan da ake kawowa a mota da safe a kwashe su da la'asar. Sauran gonar kuwa an yanyanka ta ƙanana ƙanana ana gwajin iri.

Abin da ya fi damun kowa shi ne rana. Tudu ne fetal, babu inda mutum zai fake, in bazara ta yi ajin nan sai ya koma kamar tanda. Dalhatu ya riƙa ganin 'ya'yan mutane suna raɓewa a inuwar tarakta suna cin abinci, tausayi ya kama shi. Wata rana ya tari Dakta.

"Dakta, a dasa wa yaran nan inuwa mana. Wannan ai azaba ce."

Dakta ya ce, "Malam Dalhatu, gonar aro ce fa. Ba na son in taka abin da aka saba."

"Ai ba kai za ka dasa ba, ni zan dasa da hannuna. Mai gona ya dasa itace a gonarsa, wa zai ce masa don me?"

Maganar ta yi kama da gaskiya, kuma Dakta yana son inuwar. Ya aika aka kawo dashe cike da mota daga ma'aikatar gandun daji, darbejiya da mangwaro da bishiyar turare. Dalhatu ya zagaye gonar da su, ya ja layin mangwaro ta tsakiya, kowanne ya yi masa shingen ƙaya saboda awaki.

A damina ta gaba matar Dalhatu, Turai, ta haihu, Zuliha ta zo suna. Da rana ta yi sanyi ta ce bari ta je ta ga gonar Baba, don a bakin mutane ta ji labarin aron. Ta tarar da wanta a tsugune yana gyara shinge. Ta daɗe tana kallon layin dashen.

"Yaya, waɗannan fa?"

"Inuwa nake yi wa ɗalibai."

"A gonar aro? Yaya, ka manta Baba ya karɓe gonarsa daga hannun wani saboda gindin goba ɗaya?"

Dalhatu ya yi dariya. "Ke dai Zuliha da tsoro. Ni na dasa abina. Ko gobe na ce ina son gonata, Dakta zai ba ni."

"Dakta ai ba itace ba ne, Yaya, ana iya ɗauke shi."

Ya ce mata ta bar wa maza maganar gona, ta je ta ci tuwon suna. Ta bar maganar, don ƙanwa ce, kuma a lokacin rumbun mijinta a cike yake.

Bakinta kamar ya san gaibu. Ƙarshen 1983 sojoji suka karɓi mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu, maganar mazaunin dindindin ta mutu ba a ko yi mata jana'iza ba. Aka mayar da Dakta Ibrahimu wata ma'aikata a birni, rabin malamai suka watse. Sai ga fari ya biyo baya. Shekarar nan ko ƙaya sai da ta ji jiki, kowa ya ce jami'ar ta gama yawo. Dalhatu ne ya ƙi yarda itatuwan su mutu. Tankar ruwa ta lalace ba kuɗin gyara, sai ya riƙa ɗauko ruwa daga kanal a kan jakinsa, ya hau tudu ya sauko, ya hau ya sauko, har ƙafafunsa suka tsattsage. Yana son itatuwan nan so na gaske, kowanne ya san halinsa, ya san wanda ya kusa mutuwa ya farfaɗo.

Wanda ya gaji Dakta wani farfesa ne ɗan birni. Ba mugu ba ne ko kaɗan, sai dai ba wanda ya gaya masa zancen dami, kuma ba abu ne da zai faɗo masa a rai ba. Kaka ta zo ta wuce, ƙofar gidan Dalhatu ba ta ga mota ba. Turai ta ce, "Malam, ka je ka tuna musu mana."

"Haba Turai! Ina cin albashinsu, sannan in je ofis in ce a ba ni damin dawa? Ai sai a ce yunwa ce ta kore ni."

Wata kakar ta sake yi masa magana, ya ce bana an yi fari, ba daɗi. Ta uku ya ce tunda bai tambaya bara ba, yanzu ta ina zai fara? Kunya abar yabo ce a wurinmu, amma akwai kunyar da take cinye gida, kuma irinta ce ta kama Dalhatu.

A 1987 aka hana shigo da alkama daga waje, aka ce a noma ta a gida. Nan take idon hukuma ya dawo kan yankin kanal, da kan 'yar tsangayar da aka manta da ita a tudu. Kuɗi ya shigo. Aka karɓi gonakin da ke bayan ta Dalhatu, aka gina ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, aka ja wutar lantarki har ta ratsa cikin Tudun Kanya. Ɗalibai suka zo daga ko'ina, matan gari suka sami kasuwar ƙosai da ɗanwake a bakin ƙofa, samari suka sami aikin gadi da tuƙi. Aka zagaye wurin duka da katanga. Waɗanda aka karɓi gonakinsu a wannan karon an biya su diyya. Dalhatu bai shiga layi ba, don shi a ransa bai sayar ba, aro ya bayar.

Shekarar da ta biyo, mijin Zuliha ya rasu a hatsarin motar tumatir a hanyar Zariya. Da ta fita takaba ta dawo gidan wanta da 'ya'ya uku, babbarsu Kubra ba ta isa aure ba, ƙaramin kuwa bai daɗe da yaye ba. Wan mamacin, Alhaji Abbas, shi ya rako su, kuma bai ɓoye abin da ke ransa ba.

"Malam Dalhatu, na san uwa ta fi kowa iya riƙon 'ya'yanta. Ta ce tana da gonar gado a nan. In damina ta faɗi tana da inda za ta noma ta ci da su, na bar mata su da zuciya ɗaya. In babu, zan zo in ɗauke su. Ba zan bar 'ya'yan ƙanena su zama nauyi a gidan da yake fama da nasa ba."

Ba ƙarya ya yi ba, gidan Dalhatu ya cika da baki, albashin lambu da 'yar gonar rani da ƙyar suke kai su wata. Duk da haka bayan tafiyar Alhaji, Dalhatu ya ce zai yanka wa Zuliha rabin gonarsa ta bakin kanal.

Ta girgiza kai. "Gonar rani ta mai ƙarfi ce, Yaya. Ina zan sami takin zamani da kuɗin ruwa da na 'yan ƙwadago? Kuma in na karɓa, 'ya'yan Turai su ci me? Rabona nake so na tudu. Da takin gida da fartanya ni da Kubra za mu fitar da geron shekara."

"Ki kwantar da hankalinki. Gonarki tana nan, aro ce."

Washegari Dalhatu ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ofishin Farfesa. Farfesa ya saurare shi da mamaki, ya ce shi tun zuwansa a cikin jami'a ya tarar da filin. Amma ya yi masa adalci. Ya ce har yanzu yawancin wurin filin gwaji ne ba gini ba, in Dagaci da dattawan gari suka shaida cewa aron yana nan bai mutu ba, zai kai maganar sama a yanka wa Zuliha rabonta ta gefen katanga.

Aka zauna a zauren Dagaci Tambaya da hantsi, da Liman da dattawan da suka ga ranar farko. Dalhatu ya shigo da ƙarfin gwiwa, don mutanensa ne, tare suke sallah.

Dagaci ya ce, "Ranar da ka bayar aro ne, wannan na shaida, kowa ya shaida. Abin da ake tambayarmu shi ne yau. Dalhatu, yaushe rabon da a kawo maka dami?"

"Tun tafiyar Dakta, ranka ya daɗe."

"Ka tambaya aka hana ka?"

"Ban tambaya ba."

"Ka zo nan ka ce mana an daina?"

"Ban zo ba."

Dagaci ya yi ajiyar zuciya. "To, itatuwan fa?"

Nan Dalhatu ya ɗago kai, don a nan yake ganin ƙarfinsa yake. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Da hannun nan na dasa su, ni na shayar da su a shekarar fari. Ba mai aro ne ya dasa ba."

Liman, tsoho ne da ba ya ɗaga murya, ya ce, "Dashen wa ya kawo?"

"Jami'a."

"Ranar da kake haƙa ramukan, aikin wa kake yi? Wa ya biya ka a ƙarshen wata?"



"Ɗana," in ji Liman, "ɗan ƙwadago in ya yi shuka a gona, hatsin nasa ne? Hannunka ne, amma aikinsu ne. Mai aro ya dasa itace a gonarka, ba ma kallo kawai ka yi ba, kai ka riƙe masa fartanya."

Dagaci ya ce ba zai iya ɗora hannu ya shaida aron da ba dami kuma ga itatuwa sun fi ɗaki tsawo ba. Daga baya wasu sun yi ta gunaguni cewa ƙanen Dagaci direba ne a jami'a, kuma fitilar lantarki ta farko a ƙofar gidan Dagaci aka kunna ta. Ko da gaskiya a ciki, ba wanda ya iya nuna inda aka karya ƙa'ida. Liman ya ƙara da cewa hakkin Zuliha bai faɗi ba a wurin Allah, tana iya zuwa gaban alƙali a Kura, amma wanda za ta fara ƙara shi ne wanda ya ba da rabonta bai tambaye ta ba.

Da aka gaya mata ta ce, "Ni in tsaya da Yaya a gaban alƙali? Allah ya sawwaƙe. Kuma kafin a gama shari'a da jami'a, Kubra ta yi jika."

Kwana biyu Dalhatu bai iya cin abinci ba. Rana ta uku da safe ya ɗauki gatari ya hau tudu. Wauta ce, shi ma ya sani, amma zuciya ta raya masa cewa in itatuwan suka faɗi wataƙila maganar ta canza. Ya tsaya a gindin mangwaron farko, wanda ya sha wahala a kansa fiye da kowanne. Lokacin jarrabawa ne, ɗalibai sun baje a inuwarsa da littattafai. Wata ɗaliba ta ɗago ta ce, "Baba, sannu da aiki. Mu matsa maka ne?"

Ya dubi gindin, ya dubi gatarin. Hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Ya ce su yi zamansu, ya sare wani busasshen reshe ya ja shi gefe, ya koma gida yana jin haushin kansa fiye da na kowa a duniya.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba, garin ya ɗauki ƙanshin ƙasa, kowa ya fita da sungumi. Zuliha ta zauna a ƙofar ɗaki tana jin ana kiran juna zuwa gona. Ba a yi mako ba Alhaji Abbas ya iso da a-kori-kura da sassafe. Bai yi gori ba, bai ma tambayi yadda aka yi ba, ya riga ya ji. Kubra ta ɗauki ƙullin kayansu tana share hawaye da gefen mayafi. Ƙaramin ya ƙanƙame zanen uwarsa yana ihu, sai da Dalhatu ya tsuguna ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa shi cikin mota. Zuliha ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace, sannan ta juya cikin gida.

Dalhatu ya bi ta har tsakar gida. Tunda yake bai taɓa durƙusa wa ƙanwarsa ba, ranar ya durƙusa.

"Zuliha, ki yafe mini. Kin faɗa mini ban ji ba."

"Tashi, Yaya, kada yara su gan ka. Gonar na yafe maka tun ranar da aka yi zama." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma da ka bari Alhaji ya ɓamɓare shi da kansa. Da ba hannunka ba."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Dalhatu ya daɗe a durƙushe a inda ta bar shi, har sai da Turai ta leƙo daga madafa ta ce masa a hankali rana ta yi, zai makara aiki.